Yashin Akwatin Murjani: Ba Kowane Yashi Ne Zai Yi Ba

Duk wanda ya tsaya gaban akwatin gilashin da ake kiwon murjani da kifin teku a cikinsa, a babban otel ko a gidan baje kolin halittun ruwa, kifayen nan masu launi ne ke fara ɗauke masa ido, sai rassan murjani da ke kaɗawa a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Da wuya ya kula da farin yashin da ke shimfiɗe a ƙasa. Amma masu wannan kiwo a Jamus da Amurka da Faransa sun shafe fiye da shekara talatin suna gardama a kan yashin nan, kuma suna da dalili. Fitila in ta lalace a sauya ta cikin minti biyar, injin tura ruwa ma haka. Yashi kuwa, da zarar an ɗora masa duwatsu an cika akwati da ruwan gishiri, sauya shi yana nufin a rushe komai a sake gini. Ra'ayina shi ne ga mafi yawan masu kiwo, abin da ya fi dacewa shi ne yashin murjani mai matsakaicin ƙwaya, a shimfiɗa shi ba da kauri ba, a riƙa share shi, kuma kada a kauce wa wannan sai in akwai wata dabba takamaimiya da rayuwarta ta buƙaci wani abu dabam. Yashi mazaunin dabbobi ne, don haka dabbobin ne ya kamata su zaɓe shi. Kyaun gani da alkawuran da aka rubuta a jikin buhu suna zuwa daga baya.

Murjani dabba ce, ko da yake ta fi kama da tsiro ko dutse. Ƙananan halittu ne dubbai da ke zaune wuri guda, suna zuƙar kalsiyam da kabonet daga ruwan teku suna gina ƙashinsu da wani ma'adini mai suna aragonait. Jan murjanin da mata suka sani a sarƙa da awarwaro ɗan uwansu ne daga Bahar Rum, amma shi ba ya gina tudu a teku. Masu gina tudun suna cikin ruwa mai ɗumi da haske, kamar Bahar Maliya, inda tudun Sanganeb da ke gaban Fot Sudan ya shiga jerin wuraren gado na duniya na hukumar UNESCO a 2016, kuma da dutsen murjani aka gina tsofaffin gidajen Suwakin da na tsohon garin Jidda. Farin yashin da ke kewaye da irin waɗannan tudun ragowar tudun ne da kansa. Igiyar ruwa tana farfasa mataccen murjani da kwanson dodon koɗi, wani tsiron teku mai suna Halimeda yana mutuwa ya bar ɓawonsa mai kalsiyam, sannan akwai kifin nan mai baki kamar na aku, wanda ke kankare dutsen murjani don ya ci gansakukar da ke jikinsa, ya niƙe dutsen a maƙogwaro, ya fitar da shi kashi a matsayin yashi. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan wani tsibiri na Maldibs ya nuna cewa fiye da kashi 85 cikin 100 na sabon yashin da tudun wurin ke samarwa daga wannan kifi yake fitowa. Ke nan yashin da halittun tudun murjani suka saba da shi abu ɗaya ne da ƙashin murjanin, mai laushi, mai ƙananan ramuka, marar kaifi.

Nan ne mai karatu zai iya cewa, ai yashi yashi ne, me ya sa za a sayi na buhu da kuɗin waje alhali ga shi jibge a kogi? Tambayar tana da ma'ana, musamman ga wanda zai biya kuɗin dakon kilo talatin daga wata nahiya. Yashin kogunan Kano da Kaduna, da na bakin teku a Legas da Kwatano, yawancinsa silika ne, wato gutsuttsuran duwatsun doron ƙasa da ruwa ya kwaso. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan tudun murjani, saboda koguna irin su Neja da Bolta suna zuba ruwan daɗi mai laka a teku, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni. Gaskiya ne silika ba guba ba ce, ba ta narkewa sai kaɗan, kuma akwai waɗanda suka yi kiwon murjani a kan tsabtatacciyar silika suka ci nasara. Matsalar yashin kogi da na gini ita ce abin da ya biyo shi: laka, tsatsar ƙarfe, ragowar takin zamani da maganin feshi, man mota, wani lokaci har da ɓurɓushin tagulla, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Sai kuma tauri. A ma'aunin taurin ma'adinai silika tana kan 7, gilashi yana wajen 5.5, aragonait kuwa bai wuce 4 ba. Ƙwaya ɗaya ta silika in ta maƙale a magogin gilashi za ta ja layin da ba zai goge ba har abada, haka kuma take karce cikin kifin da ke nutsewa a ƙasa. Baƙin yashin dutse mai aman wuta da ake sayarwa don kyau ya fi wannan fitina, don yakan ƙunshi ƙarfen da maganaɗisun da ke jikin magogin gilashi ke jawowa. Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne: a ɗiga wa ɗan yashi ruwan khal, in na kalsiyam ne zai yi kumfa, in silika ce ba abin da zai faru, sannan a goga masa maganaɗisu a ga ko wani abu zai manne.

Sai dai masu sayar da aragonait su ma suna ƙara gishiri a maganarsu. Sukan ce yashin yana narkewa a hankali yana ciyar da murjani da kalsiyam, yana kuma hana ruwa yin tsami, don haka gwamma a zuba da yawa. Ilimin sinadarai bai goyi bayan wannan ba. Ruwan akwatin murjani mai lafiya yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kalsiyam wajen miligiram 420 a lita, ma'aunin tsami na pH kuma tsakanin 8.1 da 8.3. Irin wannan ruwa ya riga ya ƙoshi da kalsiyam da kabonet, ba ya da sararin narkar da ƙari. Aragonait ba ya fara narkewa sosai sai ruwa ya yi tsamin da murjani ya riga ya shiga wahala. Hujja a bayyane take a na'urar da masu kiwo ke amfani da ita in suna son narkar da aragonait da gangan: sai sun hura masa iskar kabon a wani rufaffen bututu har pH ya sauka wajen 6.5. Da yana narkewa da kansa, da ba a ƙera na'urar ba. Ɗan narkewar da ke faruwa a can ƙasan yashi mai kauri ba ta isa ta ciyar da akwatin da murjani ke girma a ciki ba, dole mai kiwo ya riƙa auna ruwansa yana ƙara sinadaran da hannunsa. Akwai ma wani hali na aragonait da ba a cika rubutawa a buhu ba: yana kama sinadarin fosfet da ke fitowa daga abinci da kashin kifi ya riƙe a jikinsa, in ya cika kuma ya riƙa sakinsa cikin ruwa, gansakuka ta samu taki. Falalar aragonait ita ce laushi da tsabta da dacewa da ruwan teku, kuma wannan ya isa dalilin zaɓensa.

Bayan an san irin ma'adini, abin da ya fi muhimmanci shi ne girman ƙwaya. Mafi laushi, wanda ƙwayarsa ba ta kai rabin milimita ba, yawanci daga Bahamas ake haƙo shi, inda yake taruwa a ruwa marar zurfi a matsayin ƙananan dunƙule masu santsi. Shi ne mafi kyau a ido, shi ne kuma ya fi jawo nadama. Murjani mai rassa irin Acropora yana rayuwa ne inda igiya ke dukan tudu, don haka masu kiwonsa kan sa injinan da ke juya ruwan akwati sau talatin zuwa hamsin a cikin sa'a guda. A irin wannan ruwa yashi mai laushi ba ya zama. Yana tashi, ya taru a kusurwa ɗaya ya bar gilashi tsirara a ɗaya, ya shiga injin ya cinye shi, ya kuma sauka a kan murjani. Murjanin da yashi ya rufe sai ya riƙa fitar da majina don ya ture shi, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma ya ƙare a shara, inda yashin ya daɗe kuma naman ya mutu. Wanda ya gudu daga wannan ya koma kan tsakuwar murjani mai milimita uku zuwa biyar ya faɗa wata matsalar. Ba ta tashi, amma ramukan da ke tsakaninta manya ne, ragowar abinci da kashi suna gangarawa ciki inda ruwa ba ya kai wa, su ruɓe a can. Abin da ke tsakanin biyun, milimita ɗaya zuwa biyu, kusan girman ƙwayar acca, yana da nauyin da zai zauna a ruwa mai ƙarfi, yana da matsin da datti zai tsaya a samansa inda za a iya zuƙe shi, kuma yawancin dabbobi masu tono suna iya aiki da shi.

Dabbobin nan su ne suka fi cancanta a tsaya a kansu, don su yashi ba shimfiɗa ba ce kawai. Kifaye na dangin Halichoeres da Macropharyngodon suna kwana ne a cikin yashi. Da fitila ta mutu, ko wani abu ya firgita su, sai su soka kai su ɓace gaba ɗaya. Irin wannan kifi a kan tsakuwa mai kaifi yana jin rauni a baki da jiki, a kan gilashi tsirara kuma yana rasa wurin hutawa har ya galabaita, don haka yana buƙatar yashi mai laushi da ya kai aƙalla santimita biyar. Kifin Opistognathus na tekun Karibiyan magini ne, yana haƙa rami a tsaye da bakinsa ya jera gutsuttsuran kwanso a bangon don kada ya rufta. Shi sai yashi ya kai santimita goma ko fiye, kuma a gauraya masa da tsakuwa da fasassun kwanso, in ba haka ba zai yi ta haƙa ramin yana cikewa. Akwai kuma zaman amanar da ke tsakanin wani ƙaramin kifi na dangin Amblyeleotris da jatan lande na dangin Alpheus. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami yana kwashe ƙasa, kifin kuma yana gadi a bakin ƙofa, jatan landen yana taɓa shi da gashin kansa, da kifin ya kaɗa wutsiya sai su biyun su faɗa ciki. Wanda ya raba su da yashin da za su gina wannan gida ya hana su rabin rayuwarsu. A wani ɓangaren, kifin Valenciennea da ke cika baki da yashi yana tace ƙananan halittu ta kunnuwansa ana yawan sayensa don ya share yashi, amma a ƙaramin akwati yakan cinye abin da ke ciki cikin 'yan watanni ya rame ya mutu. Duk wanda zai ajiye masu tono ya fara ɗora duwatsu a kan gilashin ƙasa kafin ya zuba yashi, don dutsen da ke zaune a kan yashi yana faɗuwa ranar da aka haƙe ƙarƙashinsa.

Gardama mafi zafi ita ce ta kauri. Kashin kifi yana zama ammoniya, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da iskar oksijin suna mayar da ita naitirait sannan naitiret, naitiret kuma in ya taru yana ciyar da gansakuka yana dusashe murjani. Akwai wasu bakteriya da ke zaune inda oksijin ya yi ƙaranci, su ke karya naitiret ya zama iskar naitirojin ta fice daga ruwa. Daga nan tunanin yashi mai kauri ya fito. A ƙarshen shekarun 1980 masanin teku Jean Jaubert, wanda aikinsa ya shahara a gidan halittun teku na Monako, ya fito da tsarin ɗora yashi mai kauri a kan raga a bar ɗan sararin ruwa a ƙarƙashi. Daga baya masanin halittu Ron Shimek a Amurka ya yaɗa tsarin yashi mai laushi santimita goma zuwa goma sha biyar, cike da tsutsotsi da ƙananan halittu masu juya shi. Tunanin daidai yake, kuma akwai akwatunan da suka yi shekaru lafiya a kansa. Amma da Robert Toonen da Christopher Wee suka gwada waɗannan tsare-tsare biyu a ƙananan akwatuna a Hawai suka wallafa sakamakon a 2005, ba su ga wani amfanin da sararin ƙarƙashin ragar ya ƙara ba, kuma yashi mai kauri bai fi marar kauri iya sarrafa naitiret da wani bambanci na a zo a gani ba. Dole a faɗi cewa a gwajin nasu dabbobi sun fi mutuwa a yashi marar kauri. A fahimtata wannan yana ƙarfafa maganar da nake yi ne: amfanin kauri yana ga dabbar da ke zaune a ciki, a matsayin matata kuwa ba shi da fifikon da ake ba shi. Duwatsun murjani masu ramuka, da na'urar cire datti da kumfa wadda masu kiwo na Balin suka yaɗa tun shekarun 1970, da sauya wani kaso na ruwa a kai a kai, suna yin wannan aiki a fili inda ake gani.

Yashi mai kauri kuma yana da haɗarin da ba ya bayyana sai ya yi ɓarna. Ƙasa da inda ake karya naitiret, inda oksijin ya ƙare gaba ɗaya, wasu bakteriya suna aiki a kan sinadarin salfet da ke da yawa a ruwan teku suna samar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Alamarta baƙin tabo ne a yashi ta jikin gilashi. Muddin tana binne ba ta cutarwa, amma in dutse ya faɗi ko aka tona wurin da ƙarfi tana iya kashe kifi cikin ɗan lokaci. Tsarin ya dogara ne ga tsutsotsin da ke juya yashi, in kifaye suka cinye su sai ya dunƙule ya zama ma'ajiyar datti. Ga nauyi: akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 50 yana cin lita 18 na yashi, wajen kilo 26, in kaurin santimita 3 ne, amma in aka kai shi santimita 10 ya zama lita 60, kusan kilo 90. Sannan akwai abin da ya shafi duk wanda zai yi wannan kiwo a Abuja ko Kano ko Yamai, wato ɗaukewar wuta. Da injin ya tsaya, komai mai rai a akwati yana ci gaba da shan oksijin ɗin da ya rage, har da bakteriyar da ke cikin yashi da dattin da suke ruɓarwa, ruwa mai ɗumi kuma dama oksijin ɗinsa kaɗan ne. Yashi mai kauri da ya tara dattin shekaru yana cikin masu wawason wannan iska. A inda wuta ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa a zaɓi yashin da za a iya tsabtacewa har ƙasa.

Wasu sukan ce to a bar yashin gaba ɗaya mana. Masu noman murjani don sayarwa da yawa haka suke yi, suna barin gilashi tsirara su buɗe injin iya ƙarfinsa, datti ya taru wuri guda su zuƙe. Ga wanda burinsa Acropora kawai, wannan hanya ce mai kyau. Amma ya haƙura da duk kifayen da aka ambata a sama, da murjani irin Trachyphyllia da Fungia da a teku a kan yashi suke zama, kuma sabon akwati marar yashi yakan ɗauki lokaci kafin ya daidaita, don an rage wa bakteriya wurin zama.

Saura batun yashi mai rai, wanda ake sayarwa a jiƙe cikin leda da alkawarin bakteriya. Yana iya ɗan gaggauta farawa, amma bayan watanni a kan kanta ko a jirgin ruwa ba tsutsa ko wata ƙaramar dabba da za ta rage a ciki, kuma mai saye yana biyan kuɗin dakon ruwa. Busasshen yashi ya fi araha, bakteriya kuma za su mamaye shi daga duwatsu cikin 'yan makonni. Abin da yake buƙata shi ne wanki: a zuba kaɗan-kaɗan a bokiti, a yi ta juyawa ana zubar da ruwan har ya daina yin fari, a yi ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa. Mai rai kuwa ba a wanke shi da ruwan famfo. Ɗebo yashi daga bakin teku a lokacin tafiya bai dace ba, don yana zuwa da ƙazanta da cututtuka, wurare da dama kuma sun haramta shi, a tsibirin Sadiniya na Italiya tun 2017 ake cin tarar da ta kai Yuro 3,000. Haka kuma tsohon yashi da aka kwashe lokacin ƙaura ba a mayar da shi sai an wanke shi tas. Launin ƙasa-ƙasa da ke rufe sabon yashi a makonnin farko wata ƙaramar gansakuka ce da ke wucewa da kanta, ba dalilin sauya yashi ba ne.

Wanda zai kafa akwatin murjani ya fara rubuta dabbobin da zai ajiye da ƙarfin ruwan da murjaninsa ke so, kafin ya je wurin mai sayar da yashi. In babu maginin rami ko mai kwana a ƙasa a cikin jerin, busasshen aragonait mai milimita ɗaya zuwa biyu, kaurin santimita biyu zuwa biyar, wanda ake zuƙe wani sashe nasa da tiyo duk lokacin sauya ruwa, shi ne zaɓin da ya fi aminci. In akwai su, a ba su kauri da laushin da suke buƙata a ɓangaren da za su zauna, ko kuma a bar su a shago.